Wane fim ɗin Charles Ferguson ya kamata in fara kallo?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aiki a makaranta kan rushewar bankunan Amurka ta 2008, malaminmu ya ce mu nemi finafinan wani Charles Ferguson. Don Allah wanne zan fara da shi?

Baban Sadiƙ: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Inside Job malaminku yake nufi, na 2010, wanda Matt Damon ya yi wa sharhi. Shi ya ci kyautar Oscar a 2011. Ranar karɓar kyautar, Ferguson ya hau dandamali ya ce shekara uku da rikicin amma ko shugaban banki ɗaya ba a ɗaure ba.

Ki nutsu sosai a farkonsa, don da Iceland ya buɗe. Ƙasa ce mai mutum kamar 320,000 a lokacin, amma bankunanta uku suka ciyo bashin da ya kai kusan ninki goma na tattalin arzikin ƙasar, kuma duka suka durƙushe a Oktoban 2008. Daga nan ya koma Amurka ya nuna yadda aka riƙa ba mutane bashin gida alhali an san ba su da halin biya, aka tattara basussukan aka mayar da su takardu aka sayar wa masu zuba jari, kamfanonin tantancewa irin su Moody's suka buga musu AAA, wato shaidar aminci mafi girma. Bankin Lehman Brothers ya faɗi ranar 15 ga Satumba, 2008.

Malam Abu Yusra: Hajiya, ni a wurina abin da ya fi komai a fim ɗin shi ne inda ya titsiye malaman jami'a. Akwai Frederic Mishkin na Jami'ar Columbia. A 2006 ya rubuta rahoto yana yabon ƙarfin bankunan Iceland, ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta biya shi dala 124,000, kuma rahoton bai faɗi an biya shi ba. Ferguson ya nuna masa takardar tarihin aikinsa, inda sunan rahoton ya koma "rashin daidaito" maimakon "daidaito". Mutumin ya fara inda-inda, ya ce kuskuren bugawa ne. Ki kalli fuskarsa a wannan wurin. Shi ma Glenn Hubbard, shugaban makarantar kasuwanci ta Columbia a lokacin, da aka tambaye shi su waye ke biyansa kuɗin ba da shawara, ransa ya ɓaci ya ce saura minti uku a gama. Ni malami ne, wannan ɓangaren ya taɓa ni ƙwarai. Ɗalibi na karanta littafinka yana ɗauka ilimi ne zalla, ashe da hannun wani a aljihunka.

Ɗan Kwari: Malam gaskiya ne, amma a gaya mata fim ɗin gefe guda ya tsaya. Greenspan, tsohon shugaban Babban Bankin Amurka, da Geithner da Summers, waɗanda suka riƙe ma'aikatar kuɗi, duk sun ƙi yarda a yi hira da su, sai dai a rubuta a allo cewa sun ƙi. Ta haɗa da karatu, kar ta dogara da shi kaɗai.

Malam Abu Yusra: Alhaji, ai an nemi su ne suka ƙi. Wannan ma labari ne.

Maman Iman: Ni shawarata daban ce. Fara da No End in Sight na 2007, shi ne fim ɗinsa na farko, a kan mamayar Iraƙi. A nan za ki gane salonsa. Ba 'yan adawa ya tara ba, mutanen cikin gwamnatin Bush ya zaunar, irin su Jay Garner da Richard Armitage, suka bayyana da bakinsu yadda Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki Iraƙi, ya rusa rundunar sojan Iraƙi a Mayun 2003, aka bar dubban ɗaruruwan masu horon yaƙi ba aiki ba albashi.

Ummu Hanifa: Yaya, ya aka yi manya haka suka yarda suka yi masa magana?

Maman Iman: Ɗan gida ne. Lissafi ya karanta a jami'ar Berkeley, ya yi digirin digirgir a kimiyyar siyasa a jami'ar MIT a 1989. Ya kafa kamfanin Vermeer da ya ƙirƙiro manhajar FrontPage, Microsoft ta saya a 1996 kan dala miliyan 133. Da kuɗin aljihunsa ya yi fim ɗin Iraƙi, babu mai ce masa cire kaza. Amma ba kullum yake samun ƙofa a buɗe ba. A 2013 CNN ta ba shi aikin fim a kan Hillary Clinton, ya ajiye, domin kusan duk wanda ya tuntuɓa ya ƙi magana.

Ɗan Kwari: In malaminku na son kwatance da gida, ki duba Agustan 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ya tsige shugabannin bankuna biyar, Babban Banki ya zuba musu naira biliyan 420. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic an yanke mata ɗaurin wata shida a 2010.

Baban Sadiƙ: Ki nemi littafinsa ma, Predator Nation, na 2012. Abin da fim bai ɗauka ba yana ciki, musamman babin malaman jami'a. Turancin fim ɗin na da sauri, ki kunna rubutun ƙasa, ki riƙa tsayarwa kina rubuta sunaye.

Ummu Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, in na kai wurin Mishkin zan dawo da tambayoyi.