Karen bana da ci 4-1: wa ya zama zomo?

Alƙalin Gasa: Jama'a, an kawo ƙara. Daren jiya a gasarmu ta eFootball, gem ɗin ƙwallon ƙafa, Autan Fagge ya lallasa Kawu da ci 4-1, sannan ya rubuta masa cewa "Karen bana shi ke maganin zomon bana." Kawu ya ce cin bai dame shi ba, karin maganar ce aka ajiye inda ba mazauninta ba. Kowa ya kawo hujjarsa, ban da zagi.

Kawu: Tambayata ɗaya ce: ta ina na zama zomon bana? Ina buga Winning Eleven, wato PES, tsohon sunan gem ɗin nan, a PlayStation 2 a shagon gem tun ba a yaye yaron nan ba. A PES 6 na 2006, ka bar min Inter Milan da Adriano mai ƙarfin bugu 99, daga wajen sha takwas nake saki, mai tsaron gida sai dai ya juya ya ɗauko ta a raga. In ma zomo ne ni, to na bara waccan ne.

Autan Fagge: Allah ya huci zuciyar Kawu. Ai abin da nake faɗa ke nan. Zamaninku ya wuce, yanzu namu ne.

Malamin Hausa: To ka ga inda ka kauce, Auta. In kana son ka ce yaro ya kayar da tsoho, wannan karin maganar ba za ta kai maka saƙon ba, don karen da zomon duka na bana ne. Zomo ne ya fito da sabuwar dabarar zillewa, tsohon kare ya kasa, sai aka nemo karen da ya taso tare da shi, ya san kwanarsa. Shi ya sa ake faɗinta in ɗan damfarar intanet ya gamu da matashin jami'in da ya fi shi sanin kwamfuta. Kiran Kawu zomon bana shaida ce ka ba shi cewa yana tafiya da zamani. Yabonsa ka yi ba ka sani ba.

Kawu: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma yabon da ya zo da ƙwallo 4 a raga, a kai kasuwa.

'Yar Damagaram: Ni ban bi Malam duka ba. A wurinmu ana jefa ta ga duk wanda ya ƙi yarda cewa abu ya canja, kuma kowa yana ganewa. Wasan kansa ai ba shi ne na da ba. Tun 2021 kamfanin Konami ya ajiye sunan PES, ya mai da shi eFootball, ya canja injin wasan, wato manhajar da aka gina shi a kanta, zuwa Unreal, ya sake shi kyauta. To wasan ne zomon, ba Kawu ba. Kawu tsohon kare ne da ke farautar sabon zomo da dabarar hannun gem, alhali yanzu da yatsa ake shafa gilashin waya.

Kawu: Ɗiyata, daga zomo kin mai da ni kare? Ba cinya ba, ƙafar baya.

Na Tudun Wada: Datar bana ita ke maganin netwok ɗin bana.

Autan Fagge: Cajin bana shi ke maganin ɗauke wutar bana.

Alƙalin Gasa: Ku dakata da wasan kalmomin, ba mu gama shari'a ba.

Na Tudun Wada: To bari in faɗi abin da kowa ke kewayewa. Auta ya zuba kuɗi ya sayi tsabar wasan, ya cika tawagarsa da katunan tsofaffin zakaru. Kawu kuwa bai taɓa sa ko sisi ba, da 'yan wasan kyauta yake lallaɓawa, kamar zamanin Castolo da Minanda, ƙagaggun 'yan wasan da ake farawa da su a gasar Master League ta PES. In aljihu ne ya ci wasan, ina ruwan kare da zomo? Kuma abin dariyar, 'yan ƙwallon da Auta ya ci da su, Kawu ne ya kalle su a talabijin suna ganiyarsu.

Malamin Hausa: Wannan ta shiga. Karin maganar dabara take yabo, ba kayan aiki ba. Sai dai maharbi zai ce maka zaɓen kare ma gwaninta ne.

Autan Fagge: Yaya, kati ba ya buga kansa. Sau nawa ka gamu da mai tawagar miliyan ka ci shi? Kawu yana son riƙe ƙwallo yana ta gajeren fasin a tsakiya, ni kuma na tsaya masa da saurin mai da hari. Ƙwallo 3 daga cikin 4 daga ƙafarsa na ƙwace su.

Kawu: Biyu daga ciki netwok ne ya tsaya min.

'Yar Damagaram: Kullum netwok, Kawu. Ranar da kuka ci ni ban ji kun ambace shi ba.

Kawu: Ku bar wannan. Ni fa ba da Auta nake fushi ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wa ya ɗauki hoton sakamakon ya tura zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu, har maiɗakina ta tare ni da "sannu da ƙoƙari"?

Malamin Hausa: Kawu, yanzu da bakinku kun amsa sunan zomon.

Na Tudun Wada: Ni dai hoton ba daga wayata ya fita ba. A tambayi Alƙali.

Alƙalin Gasa: Alƙali ba ya amsa tambaya. Hukunci: a sake karawa yau bayan isha'i, kowa da 'yan wasan kyauta, babu katin kuɗi. Kawu, ku hau soro ku nemi sabis tun da wuri. Wanda aka ci, mako guda ba shi ba jefa karin magana.