Na sayi gidan haya, lissafi ya ƙi fita. Ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara aka raba mana gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bayan an daɗe ana kai ruwa rana da yayyena a kan wata gona. Matata ta so in zuba nawa kason a kasuwanci, yayana ya ce in ba shi ya juya min, ni kuma tun ina yaro nake jin ana cewa ƙasa ba ta cin amanar mai ita. Na haɗa da ɗan rance na sayi gida mai sassa uku. Dillalin ya ce hayar shekara za ta kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, wato cikin shekara 10 na mayar da uwar kuɗi. Yanzu sashe ɗaya ya yi wata 4 babu kowa, na biyu mutumin ciki ya daina ɗaga wayata, silin ɗin na uku ya jiƙe har ya yi ciki. In sayar ne ko in daure?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lissafin dillali lissafin gidan da ba a taɓa tashi daga cikinsa ba ne, kuma kwanonsa ba ya tsatsa. Sassa uku watanni 36 ne na haya a shekara. Ka rasa 4, kashi 11 cikin 100 na hayar ya tafi. Mai karɓar maka haya zai cire nasa, sau da yawa wajen kashi 10. Gyara kuwa, masu harkar kan ware kusan kashi 1 na darajar gidan duk shekara: famfo, fenti, wayarin, yashe masai. Goman nan taka ta dawo 7, shekara 14 ke nan. In mai ƙin ɗaga wayar bai biya ba, ka faɗo wajen 4, shekara 25 ke nan. Ka sa kuɗin lauya da takardu da la'adar dillali a cikin farashin?

Mai tambaya: Ban sa ba, Baba, waɗannan ai sau ɗaya ake biyansu. Kuma unguwar tana tasowa.

Tsohon Magini: Sau ɗaya, amma daga aljihunka suka fita. Fili ne ke tashi, gini tsufa yake yi.

Maman Biyu: Ku masu gidaje kullum ku ne abin tausayi. Damina biyu ina tara bokiti a tsakiyar falo, in na kira mai gidanmu ya ce yana tafe. Ranar da haya ta cika kuwa tun asuba yaronsa yana ƙofa. Malam, ka tambayi mutumin me ya hana shi biya? Wataƙila gyara yake jira.

Ɗan Kasuwa: Sayar kawai. Kuɗin da za ka juya sau biyar a shekara ka binne a bulo.

Tsohon Magini: Kar ka saurare shi. Gida ba a sayar da shi da gaggawa sai da faɗuwa, ga la'ada ta biyu. Masu saye suna jin ƙanshin wanda ya matsu. Amma kai ma ka daina cewa gida ba ya faɗuwa. A Amurka, daga 2006 zuwa 2012, farashin gidaje ya sauka da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, waɗanda suka saya da bashi su suka fi shan wuya. Rancen nan nawa ne, yaushe za a biya?

Mai tambaya: Rancen ba matsala ba ne, na gida ne, a wajen dangi na karɓa.

Hajiya Babba: Ɗana, na gida shi ya fi ɗaci. Ni da ƙanwata har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu saboda irin wannan. Kun rubuta yarjejeniya da 'yan hayar?

Mai tambaya: Da ɗaya mun rubuta, Hajiya. Wanda ba ya biyan abokin yayana ne, na ji nauyin kawo masa takarda.

Ɗan Kasuwa: To ka ji inda gizo ke saƙa.

Tsohon Magini: Ka rage kuɗin sashen da ke kulle. Ragin kashi 10 bai kai asarar wata 2 ba. Hayar farko da ta shigo ka gyara rufin, kafin ruwa ya ci katako.

Maman Biyu: In ya rage wa sabo, tsofaffin za su ji, su ma su ce sai an rage musu.

Mai tambaya: Ragi kam ba zan yi ba, maƙwabcina ya fi ni tsada kuma gidansa cike yake. Dillalin ma ya kira ni ɗazu, wai akwai wani gida a bayan layin, mai shi ya matsu. Akwai wanda ya san yadda ake jinginar da takardun gida?