Tambaya: yaya ƙungiyoyin masu sana'a suke ɗaukar ɗan koyo da yaye shi a garuruwan Jamus na da?

Sakataren Teloli, Agege:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu teloli 'yan Arewa da ke nan Agege muna so mu rubuta ƙa'idar ɗaukar yara masu koyo, domin abin ya fara yawa. Yaro zai yi wata takwas, da ya iya haɗa wando da jamfa sai ya tsallaka Mushin ko Oshodi ya kama shago ya ce shi ma oga ne, ya ɓata wa mutane shadda, sunan da ke ɓaci kuwa namu ne gaba ɗaya. An ce mana garuruwan Jamus da Ostiriya sun yi ɗaruruwan shekaru da tsari mai ƙarfi a kan wannan, tun wajen 1500 har zuwa 1800. Ina roƙon masana su warware mana shi dalla-dalla: shekara nawa ake koyo, wa ke yaye yaro, me ake buƙata kafin mutum ya buɗe shagonsa, kuma ta ina tsarin ya riƙa samun matsala. Allah ya saka da alheri.

Malam Habu Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Sakatare. Abu na farko, babu doka ɗaya da ta game ƙasar. Kowane gari da majalisarsa, kowace sana'a da kundinta, amma ƙashin bayan tsarin kusan ɗaya ne, kuma mataki uku ne: ɗan koyo, yayayye, sannan maigida.

Yaro yakan shiga yana da shekara 12 zuwa 15. Ba a tsakanin uba da maigida kawai ake ƙulla maganar ba. Kowace ƙungiya tana da akwati inda take ajiye kundi, hatimi da kuɗi, kuma duk abin da ba a yi shi a gaban buɗaɗɗen akwatin ba, ba a yi shi ba. Yaron zai yi gwajin mako biyu zuwa huɗu, sannan a kawo shi gaban manya da takardar shaidar cewa ta hanyar aure aka haife shi, da masu tsaya masa, yawanci mutum biyu, waɗanda za su biya idan ya gudu ko ya yi ɓarna. A rubuta sunansa da ranar farawa a kundi. Uba ne ke biyan kuɗin koyo, idan ba shi da hali a ƙara wa yaron shekaru ya biya da aikinsa. Koyon yakan ɗauki shekara 2 zuwa 4, uku ta fi yawa, maƙeran zinariya da azurfa sukan zarce haka. Yaron a gidan maigida yake ci yake kwana, ba shi da albashi.

Ga dabarar da ta shafi damuwarku kai tsaye: yaron da ya gudu kafin lokaci, babu maigidan da ke da izinin karɓarsa, wanda ya karɓa tara ce a kansa. Maigida kuma yawanci ɗan koyo ɗaya aka yarje masa a lokaci guda, a wurare da dama ma idan ya yaye wani sai ya dakata shekara ɗaya ko fiye kafin ya ɗauki sabo. Hakan ya rage mayar da yara ma'aikatan banza, ko da yake ƙorafin cewa matar gida ta mai da ɗan koyo mai ɗebo ruwa da renon jariri bai taɓa ƙarewa ba.

Ranar yaye a gaban akwatin nan ake yinta, a ba shi takardar koyo. Amma yaye ba ya ba shi ikon buɗe shago, kuma nan ne suka bambanta da “firidom” da ake yi a Legas, wato bikin yaye ɗan koyo da ke ba shi damar kama nasa shagon. Yayayye dole ya bar garinsu ya yi yawon aiki, sau da yawa shekara uku, wasu sana'o'in fiye. Idan ya sauka wani gari, sai ya nufi masaukin 'yan sana'arsa, babban yayayyu ya zaga da shi shaguna bi da bi don kada wani maigida ya kwashe ƙwararru shi kaɗai. In an samu aiki, gwajin kwana 14. In ba a samu ba, a sana'o'i da yawa a ba shi abinci, wurin kwana da ɗan guzuri, gari na wayewa ya yi gaba. Aikin daga asuba ne har duhu, daga ƙarshen Satumba kuma a ci gaba da kyandir. Hans Sachs, badukun Nuremberg da ya yi suna da waƙa, misali ne mai kyau: an haife shi 1494, ya fara koyon ɗinkin takalmi 1509, ya yi yawo daga 1511 zuwa 1516, ya yi aure 1519, ya zama maigida 1520. Shekara goma sha ɗaya ke nan daga shiga zuwa shago.

Kafin zama maigida sai mutum ya yi shekara ɗaya ko fiye yana aiki a garin da yake nema, sannan ya yi aikin gwaji da hannunsa a shagon ɗaya daga cikin manya, ana leƙa shi. Maƙeran zinariya na Nuremberg abu uku suke yi: kofin azurfa mai siffar fure, zoben zinariya mai dutse, da hatimi sassaƙaƙƙe. Bayan haka ya sayi 'yancin zama ɗan gari, ya biya kuɗin shiga, ya yi wa manya walima, kuma ya kasance da mata ko yana gab da aure, don shago ba ya tafiya ba tare da uwargida ba.

Alhaji Ɗanjuma Alaba Rago:

Malam Habu ya kawo hanyar mutum, bari in ƙara hanyar kaya, domin a ganina a nan ƙarfin tsarin yake. Takardar yaye ba ta hana mugun aiki, dubawa ce ke hanawa.

A garuruwan Ulm da Augsburg na kudancin Jamus akan saƙa wani yadi mai gauraye: zaren tsaye na lilin, abawa ta auduga. Audugar daga gabashin Bahar Rum take zuwa ta birnin Benis na Italiya, a haye duwatsun Alps da ita. A Ulm kowane turmi sai an kai gaban masu dubawa da suka yi rantsuwa, su auna tsawo da faɗi, su duba cikar saƙar, su buga masa tambarin daraja: tambarin bijimi shi ne na ɗaya, sai na zaki, sai na inabi, sai na wasiƙa. Wanda ya gaza duka sai a yanka shi gunduwa-gunduwa yadda ba zai sayu a matsayin turmi ba. Alamar ta yi ƙarfin da ɗan kasuwa a wata ƙasa zai sayi dila bai kwance ba. Da wannan yadin iyalin Fugger suka fara: Hans Fugger ya shigo Augsburg a 1367 yana masaƙi, jikansa Jakob ya kai ga bai wa sarakuna rance.

Azurfa ma haka. Ana lissafin tsabtarta kashi 16, a Augsburg abin da aka saba shi ne 13 cikin 16. Mai gwaji yakan kankare ɗan siririn layi mai zigi-zaga a gindin kofi ya gwada abin da ya fito, sannan a buga tambari biyu, na gari da na maƙerin. Na Nuremberg harafin N ne. Idan algus ya bayyana bayan shekara goma, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Burodi kuwa farashinsa ba ya motsi, nauyinsa ne majalisa ke sauyawa gwargwadon tsadar hatsi, kuma mai gasawar da ya tauye awo a Biyana, babban birnin Ostiriya, akan sa shi cikin keji a tsoma a ruwa a bainar jama'a.

Inda abin ke lalacewa shi ne masu dubawa su ma masu shago ne, abokan hamayyar wanda ake dubawa. Shi ya sa Nuremberg, bayan tawayen masu sana'a na 1348 zuwa 1349, ta hana ƙungiyoyi cin gashin kansu, majalisar gari ta riƙe hukunci ta wani ofishi nata. Har ta ware wasu sana'o'i, kamar jan waya da yin tabarau, ta hana yayayyunsu fita yawo don kada sirrin ya bar gari. Sakatare, idan za ku naɗa masu duba ɗinki, kada mutum ya duba aikin maƙwabcin shagonsa, kuma a riƙa sauya su duk shekara.

Sakataren Teloli, Agege:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: in har yayayye ba zai buɗe shago ba sai manya sun yarda, su kuma manyan su ne za su yi takara da shi, me zai hana su toshe ƙofar? Kuma ina mata a wannan tsari? Muna da mata teloli da yawa da za su shiga ƙungiyar.

Hajiya Rabi Obalende:

Ƙanena, ka taɓo wurin ciwon. Sun toshe ƙofar, kuma yawanci ba da rubutacciyar doka ba, da tsada suka toshe ta. Aikin gwaji sai a ce a yi irin tufar da aka daina sawa tun zamanin kakanni, mai cin yadi mai tsada da makonni ba albashi, in an gama babu mai saye. Kowane ɗan kuskure da tararsa. Walima kaɗai tana iya cinye abin da yayayye ya tara. Ɗan maigida kuwa, ko wanda ya auri 'yar maigida ko matar maigidan da ya rasu, a rage masa kuɗi, a yafe masa jira, wani lokaci har yawon. Wasu ƙungiyoyin ma sun ƙayyade adadin shaguna, sai wani ya mutu gurbi ke buɗewa. Sakamakon shi ne mutum ya tsufa yana yayayye, ba shago ba aure.

Wanda aka rufe wa ƙofa ba ya daina cin abinci. Teloli marasa izini sukan ɓuya a ɗakunan saman rufi suna ɗinki da araha, 'yan ƙungiya su riƙa farautarsu gida-gida suna ƙwace almakashi da yadi. 'Yan kasuwa kuma suka gano hanyar kauce wa gari ɗungurungum: su kai zare ƙauye, manoma su saƙa a gida, su dawo su karɓa. Tsadar shiga ita ce ta ciyar da waɗannan biyun.

Akwai kuma waɗanda tun haihuwa aka hana. Ɗan da aka haifa ba aure, ɗan hauni, ɗan mai fiɗar mushe, a wasu yankunan har 'ya'yan makiyayan tumaki, masu niƙa da masaƙan lilin. Yayayye da ya kashe kare ko ya taɓa mushe yana iya rasa mutuncin sana'arsa, sauran su ƙi zama benci ɗaya da shi. Yahudawa ba sa shiga, shi ya sa a birnin Firag na ƙasar Cek ta yau da garuruwan Polan suka kafa nasu ƙungiyoyin.

Game da mata, birnin Kolon na Jamus ya yi fice: masu yin zare sun samu ƙungiyarsu a 1397, masu aikin siliki a 1437, mata ne ke koyar da mata. Amma a yawancin garuruwa, daga ƙarni na 16 ƙofar ta riƙa tsukewa, yayayyu maza suna ƙin aiki a shagon da baranya ke taɓa kayan sana'a. Uwargida ita ke sayarwa, ita ke riƙe lissafi, ita ke ciyar da ma'aikata, amma ba ta da murya a taro. Idan mijin ya rasu takan ci gaba da shagon da taimakon yayayye, sau da yawa na ɗan wa'adi, kuma ba ta ɗaukar sabon ɗan koyo. Wannan ɓangaren kada ku kwafe shi ko kaɗan. Ku rubuta tun a shafin farko cewa mace na ɗaukar ɗan koyo, tana yayewa, tana zama cikin masu dubawa.

Abin da ya cancanci ɗauka shi ne asusu. Yayayyu suna zuba ɗan kuɗi a kai a kai, daga ciki ake jinyar marar lafiya, wani lokaci da gadon da suka tanada a asibitin gari, kuma wanda ya mutu a baƙon wuri 'yan sana'arsa ne ke ɗaukar gawarsa. Ga yaran da iyayensu ke Kano ko Sakkwato, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Habu Idi-Araba:

Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara abu ɗaya kan takarda. Yayayyu suna da makaminsu: idan suka sa wa maigida ko gari baki, sai labari ya bi masaukai, kowa ya ƙaurace. A 1726 masu ɗinkin takalmi na Augsburg suka ajiye aiki suka fice zuwa Friedberg da ke kusa. Wannan rikicin yana cikin abin da ya jawo dokar sana'o'i ta daular da ta haɗa ƙasashen Jamus da Ostiriya a 1731, zamanin Sarki Karl na Shida. Dokar ta hana hutun Litinin da yayayyu suka mayar al'ada, ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan yawancin sana'o'in da ake ƙyama, ta kuma wajabta takardar shaidar aiki: suna, garin asali, shekaru, tsayi, launin gashi, tsawon zaman da ya yi da yadda ya riƙe amana, da sa hannun maigida da shugabannin ƙungiya. Ba takarda, ba aiki a gari na gaba. Asalin takardar haihuwa da ta koyo suna zama a akwati, kwafi yake yawo da shi. Furushiya, wata babbar masarauta a Jamus, ta aiwatar da dokar da ƙarfi, garuruwa da yawa suka yi mata riƙon sakainar kashi. Tilascin shiga ƙungiya ya faɗi a Furushiya a 1810, a Ostiriya a 1859.

Ku lura, abin da ya sa hana ɗaukar yaron da ya gudu ya yi aiki a can shi ne hukumar gari na bayan ƙungiya. Ku ba ku da ikon rufe shagon kowa a Legas, don haka ƙa'idarku za ta tsaya ne a kan yarjejeniya. Ku fara da kundi ɗaya, wa'adi rubutacce, masu tsayawa biyu, da gwajin yaye a kan kayan da ake sawa yau, kaftani da babbar riga, da yadin da ƙungiya ta saya, kuɗin yaye kuma a ƙayyade shi iri ɗaya ga ɗan oga da ɗan baƙo. Sannan ku zauna da telolin Mushin, Idi-Araba da Mile 12 su amince su riƙa tambayar takarda kafin su ba yaro keke, ku kuma sanar da fadar Sarkin Hausawan Agege don a samu inda za a kai ƙara idan oga ya riƙe yaro bayan wa'adinsa ya cika.