Gawo ya ƙi shiga lissafina, ina neman taimako

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ina aikin bincike a nan Maradi kan yadda itatuwa ke bin yawan ruwan sama, daga Dakoro inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, zuwa dajin Baban Rafi a kudu inda yake kusantar 600. A kowane fili na rubuta ko akwai icen ko babu.

Da manhajar lissafin ƙididdiga ta R nake aiki. Na yi lissafin lojistik, wato mai ƙiyasta yiwuwar a samu icen a fili, na sa ruwan sama da ninkinsa a kansa, don zanen ya hau ya kai ƙololuwa sannan ya sauka. Aduwa da marke sun ba da abin da hankali zai ɗauka. Gawo kuwa ya ƙi sam. Ƙololuwarsa tana faɗawa wajen iyakar ruwan da na auna, kuma da na koma GAM, lissafin da ke barin zanen ya lanƙwasa yadda bayanai suka nuna, da kayan aikin mgcv na cikin R, sai zanen ya yi tozo biyu.

Manoma nake zargi, kuma da hujja. Gawo na kakkaɓe ganyensa da damina, gero na yin kyau ƙarƙashinsa, shi ya sa ake barinsa lokacin sassabe. A gona zan gan shi reras, in tsallaka cikin daji mai ruwa iri ɗaya in rasa ko guda.

To yaya zan raba hannun manomi da tasirin ruwa, alhali dajin da ya rage duk a kudu yake? In sa nau'in fili cikin lissafin, ko in ware gonaki daban? Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya nuna mini hanya.