Hannuna na rawa alhali ban daina shan lorazefam ba

Mai Ɗinki:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan, yau ce rana ta farko da zan yi magana, don abin ya ishe ni.

Ɗinki ne sana'ata, shekarata 41. Shekara biyu da rabi da suka wuce mahaifiyata ta rasu a hannuna, daga nan barci ya ƙaurace mini, ƙirjina ya riƙa bugawa ba dalili. Likita ya rubuta mini lorazefam, wanda ake sayarwa da sunan Ativan, miligiram 1 da dare. Ba zan ɓoye ba, ya taimake ni ƙwarai. Bayan wata takwas faɗuwar gaba ta riƙa dawowa da rana, sai aka ƙara mini wani miligiram 1 da safe. A haka nake har yau, ban taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba.

To, wata uku ke nan hannuwana ke rawa. Da safe lafiya lau nake aiki. Amma da zarar ƙarfe huɗu na yamma ta yi, zura zare a allura sai ya gagare ni, in yi ta gwadawa sau shida sau bakwai. Makon jiya na riƙe almakashi ina yanka yadin wata mata, hannun ya kauce, na ɓata mata hannun riga. Fatar idona ta dama tana motsi, naman cinyata yana harbawa. Da dare ina shirin barci sai ƙafata ta zabura kamar an tsikare ni. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wata kyarma daga ciki, kamar an kunna keken ɗinki a cikin ƙashina. Maigidana ya dafa ni ya ce bai ji komai ba. Ina shan ƙwayar dare, kafin awa ɗaya duk ya lafa.

Kakana ya yi cutar Fakinsan, ciwon jijiya mai sa rawar jiki, na ga yadda ta mayar da shi. Ita ce ta kama ni? Ko maganin ne? In maganin ne, yaya za a yi ya jawo haka tunda ban daina ba? Zuciyata ta rabu biyu: ko in ƙara ƙwaya ta uku da yamma, ko in kwashe su duka in zubar in huta.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Kafin masu ilmi su zo, ki ji abu ɗaya daga gare ni: don Allah kada ki zubar da su.

Ni na yi. Xanax nake sha, ɗan uwan maganin naki, wajen shekara uku, ranar nan na ce na gaji da zama bawan ƙwaya, na watsar da su. Kwana ɗaya na ji kamar zan iya. Rana ta biyu gumi, rawar jiki, ƙarar cokali a kan faranti kamar ana buga mini guduma a ka. Rana ta uku na faɗi ina jijjiga, na ciji harshena, sai farkawa na yi a gadon asibiti. Ban taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwata, kuma babu mai ita a danginmu. Da a kan sitiyari abin ya same ni, da yanzu wani labarin ake yi. A asibitin mayar da ni aka yi kan magani, aka fara rage mini kaɗan-kaɗan. Wata goma sha huɗu na yi kafin na rabu da shi. Rawar hannun ta biyo ni wasu watanni bayan nan, sannan ta tafi.

Mai Haɗa Magani:

Hajiya, sannu da jiki. Aikina bayar da magani ne, ba likitan jijiya ba ne ni, kuma ba a gane cuta ta rubutu. Amma yadda kika kawo lokutan ya faɗi abu mai yawa.

Lorazefam ɗan gidan benzodayazefin ne, tare da dayazefam da alfrazolam da bromazefam, waɗanda aka fi sani da Valium da Xanax da Lexotan. A ƙwaƙwalwa akwai sinadari mai suna GABA, shi ne birkin jijiyoyi. Waɗannan magunguna ƙara masa ƙarfi suke yi, shi ya sa suke kawo barci, su kwantar da hankali, su saki tsoka. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta: wuraren da ke karɓar saƙon GABA su rage amsawa. Wannan shi ne sabo. Daga nan adadin da ya ishe ki da ba ya isarki, kuma duk lokacin da maganin ya ragu a jini, birkin ya yi sako-sako, jijiyoyi su yi ta harbi fiye da kima. Rawar hannu, motsin tsoka, zaburar ƙafa, kyarmar cikin da babu mai gani, duk sanannu ne.

Amsar tambayarki ke nan: ba sai an daina ake jin alamomin janyewa ba. Lorazefam yana raguwa zuwa rabi a jini cikin awa 10 zuwa 20. In kin sha na safe da ƙarfe bakwai, zuwa huɗu na yamma awa tara ta wuce, ya fara sauka, jikin da ya saba kuma ya fara nema. Lafawar da yake yi bayan ƙwayar dare ta yi daidai da wannan.

Game da Fakinsan, rawarta ta fi fitowa idan hannu yana ajiye ba ya komai, takan fara da gefe ɗaya, takan ragu idan an kai hannu ga aiki, kuma tana zuwa da nauyin motsi da sandarewar jiki. Taki a kan aiki take fitowa, a hannu biyu, kuma tana bin agogo. Wannan ya sa ban karkata can ba, amma ki gaya wa likita maganar kakanki, ya gwada ki da idonsa.

Ƙwaya ta uku za ta kwantar da rawar na ɗan lokaci, sannan sabon ya sake cim miki a adadi mafi girma. Kuma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ki: miligiram 1 na lorazefam ya kai kimanin miligiram 10 na dayazefam. Tun 1988 hukumar lura da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta ce kada amfani da su ya wuce mako biyu zuwa huɗu, a 2020 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗin dogaro da janyewa a takardar bayaninsu. Abin da ke ci mini rai shi ne mutane da yawa ba a gaya musu wannan ranar da aka fara ba su. Ke ba ki yi laifi ba, yadda aka rubuta miki kika sha.

Hanyar da aka fi bi ita ce ragewa sannu a hankali, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako biyu zuwa huɗu, a tsaya in jiki ya ƙi. Farfesa Heather Ashton, wadda ta gudanar da asibitin raba mutane da waɗannan magunguna a Niyukasil ta Ingila daga 1982 zuwa 1994, takan mayar da mutum kan dayazefam tukuna, saboda yana daɗewa a jini, ba ya hawa da sauka irin wannan. Ba kowa wannan canji ke karɓa ba. Wani raba masa adadinsa na yanzu ake yi gida uku a yini ba tare da ƙari ba. Likitanki ne zai zaɓa tare da ke.

In kika yi jijjiga, ko ruɗewa, ko ganin abin da babu, ko kika kasa zama wuri ɗaya har tunanin cutar da kanki ya zo miki, wannan na asibiti ne a take, ba a jira.

Malama Mai Alli:

Na yarda da abin da Malam Mai Haɗa Magani ya ce, sai dai kada a ɗora wa ƙwayar komai. Ni ma na ɗauka Lexotan ne ke kaɗa mini hannu, har alli ya riƙa faɗuwa a gaban ɗalibai. Da aka gwada jinina sai aka ga ƙullin tayirod na wuyana ne ke aiki fiye da kima. Ki nemi a yi miki wannan gwajin da na sukari. Ki kuma lissafa wa likita duk abin da kike sha, don maganin shaƙa na asma, da wasu magungunan baƙin ciki, da yawan kofi, duk suna kawo rawar hannu.

Mai Ɗinki:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Direba, maganarka ce ta hana ni, don a daren nan na riga na ɗauko kwalin.

Na je wurin likita jiya. Ya sa na miƙa hannuwana, na taɓa hancina da yatsa, na yi tafiya yana kallo, na zana da'ira a takarda. Ya ce bai ga alamar Fakinsan ba. Na zauna a kujerar na yi kuka. An ɗebi jini, sakamakon sai mako mai zuwa. Ya raba mini miligiram biyun gida uku, ya ce sai jikina ya daidaita na wata guda kafin mu fara ragewa, kuma in riƙa rubuta lokacin da rawar ke zuwa a littafi.

Yau da ƙarfe huɗu hannun ya yi rawa, amma bai kai na da ba. Na mayar da yankan yadi zuwa safe. Baba Direba, lokacin da ake rage maka, zaburar ƙafar nan ta dare ta ƙaru ne duk sanda aka rage, ko kuwa tafiya ta riƙa yi?