Siririn zaren bakin ƙugiya yana tsinke mini a wurin ƙulli

Assalamu alaikum. Ma'abota fatsa, ku taimaka mini, abin ya ishe ni.

Ina koyon fatsa da ƙudan ƙarya, irin wadda ake kama kifin tirawut da ita, saboda zan je Kenya aiki, kuma akwai shi a rafukan sanyi na gindin Dutsen Kenya. Tunda babu tirawut a Zariya, da karfasa nake gwaji a dam ɗin Kubanni.

Matsalar tana ga ɗan siririn zaren ƙarshe da ake ɗaura ƙudan a jiki. Ƙugiyata lamba 18 ce, wato 'yar ƙarama. Na sa nailan 7X, mai kaurin kusan milimita 0.10, don kada kifi ya gan shi. Da kifi ya ja, sai ya tsinke daidai kan ƙullin, bakin zaren ya nannaɗe kamar gashi. Sau shida ranar Asabar kaɗai! Na jiƙa ƙullin da yawu kafin in ja, na ƙara zagaye daga biyar zuwa bakwai, na rage fizga, duk a banza. Da na koma 5X, wanda ya fi 7X kauri, bai ƙara tsinkewa ba, amma ƙudan sai ya riƙa jan ruwa, kifin kuma ya watse. Nailan ɗin dai ya kwana biyu a bayan mota cikin zafin Afrilu, wataƙila ya gasu.

Ga ƙugiya lamba 18, in sayi sabon nailan 6X ne, ko zaren fulorokabon, wani irin zaren fatsa daban da nailan, ya fi riƙe ƙulli a wannan sirantar?

Na gode.