Ƙanena ya kamu da zane, har kallonsa ya canza

Yayan Gida: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙanena yana SS2, ni nake riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu. Bara aka kawo musu sabon malamin zane, tun daga nan yaron ya zama wani iri. Rannan na goya shi a babur za mu kasuwar Kurmi, sai ya ce in tsaya. Wani tsohon soro ya hango. Ya fi minti goma yana kallon dagin da ke saman ƙofar, wai magina sun yi shi laka tana ɗanye, ga shatin yatsa nan har yau. Ni kuwa shekara ashirin ina bin lungun nan, ban taɓa ɗaga kai ba. Ya kuma zana hannun Hajiyarmu tana tsince shinkafa, hannun kawai, babu fuska, amma duk wanda ya gani sai ya ce Hajiya ce. Ita dai cewa ta yi ya tsufar da ita. To yanzu wai zane zai karanta a jami'a, ni kuma likita nake masa fata. In bar shi?

Malamin Zane: Wa alaikumus salam. Abin da ka gani a bakin soron nan, shi muke wahalar koyarwa. In na ajiye buta a kan tebur na ce a zana, kusan duk aji da'ira suke yi wa bakinta, don sun san da'ira ce. Alhali daga inda suke zaune kamar ƙwai take. Ranar da yaro ya zana abin da idonsa ya gani, ya bar abin da ya haddace, ka gama da shi, ba zai sake wuce bango bai duba ba. Kuma ba sabon abu ba ne. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don sun gaji da kwaikwayon Turawa zalla. Okeke ya koma wa zanen uli na Ibo. Ƙanenka dagi ya samu.

Ummu Yara: Malam, sai dai a kula da batun zana mai rai, ya tambayi malaminsa na Islamiyya tun da wuri. Fili da yawa ai: zayyanar allo, aska takwas ta babbar riga, rinin Ƙofar Mata.

Ɗan Kwari: Duk na ji, amma me zai ci? Kullum a ce Ladi Kwali ta hau takardar naira ashirin da ginin tukwane. Ashirin ɗin ma yanzu ba ta da wata daraja. Ya nemi ilimin zanen gine-gine, amma fa sai ya riƙe lissafi da fiziks, kada fensir ya cinye su.

Yayan Gida: Na gode ƙwarai. Lissafin ne ma matsalar, 41 ya ci a zangon da ya wuce. Mun yi da shi in ya kai 60 zan kai shi ABU ya ga sashen zane da idonsa. Ya amince, sannan ya ce in ɗan karkato, wai hasken taga ya faɗo mini daidai a goshi.